Tambayoyi da Amsoshi Kan Makarɓan Ƙwayoyin Garkuwar Jiki, Kumburi da Ciwon Daji

Mene ne makarɓi, kuma mene ne aikinsa a jikin ƙwayar garkuwa?

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne rundunar garkuwar jiki, ba su da ido ko kunne, amma dole ne su bambance tsakanin naman jikin mutum da baƙon da ya kutso cikinsa. Abin da suke yin wannan aiki da shi wasu ƙananan sinadarai ne na furotin da ke kafe a fatar ƙwayar, wasu kuma a cikinta. Su ne masana ke kira risefta, mu kuma a nan za mu kira ɗaya makarɓi, jam'insa makarɓai, domin aikinsa karɓar saƙo ne. Kowane makarɓi yana da siffar abin da yake jira, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Da zarar abin ya zo ya dace da shi, sai ya aika da umarni zuwa cikin ƙwayar: ko ta kai hari, ko ta kira 'yan'uwanta, ko ta hayayyafa, ko kuma ta dakata. Wannan umarni na ƙarshe, wato na dakatawa, shi ne aka daɗe ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba, kuma daga baya shi ya sauya yadda ake jinyar wasu nau'o'in ciwon daji.

Ta yaya ƙwayar garkuwa take gane cutar da ba ta taɓa haɗuwa da ita ba?

A shekarar 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale a Amurka ya kawo ra'ayin cewa dole ne jiki yana da makarɓan da aka haife shi da su, masu gane wasu alamomi da ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su ba. Hujjar ta fara fitowa ne daga ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. A 1996 ɗakin binciken Jules Hoffmann da ke Strasbourg a Faransa ya nuna cewa ƙudan da aka lalata wa wani makarɓi mai suna Toll yakan mutu idan fumfuna ta kama shi. Bayan shekara biyu Bruce Beutler ya gano cewa ɗan'uwan wannan makarɓi a jikin ɓera, wato TLR4, shi ne ke jin wani sinadari na bangon bakteriya wanda ke jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar bugun jini. Hoffmann da Beutler sun samu kyautar Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman.

Ɗan'adam yana da irin waɗannan makarɓai guda goma, kuma sun raba aiki a tsakaninsu: TLR5 yana gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 da TLR7 suna gane kayan gadon bairos, TLR9 kuma yana gane DNA, wato kundin gado, na ƙwayoyin cuta. Wani abin lura shi ne wasu daga cikinsu suna amsawa ga tarkacen ƙwayoyin jikinmu da suka mutu ta hanyar rauni ko ƙuna ko guba. Saboda haka ana iya samun kumburi ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a wurin.

Shi kumburi cuta ne?

A asalinsa aikin ceto ne. Idan ƙaya ta soki mutum, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya tasa, ya riƙa zogi, wani lokaci har kaluluwa ta fito. Abin da ya faru shi ne makarɓai sun ji baƙo, sun kunna wani sinadari mai suna NF-kB wanda ke buɗe ɗaruruwan ƙwayoyin gado, sai ƙwayar ta saki saƙonni irin su TNF da IL-1 da IL-6. Waɗannan su ke buɗe jijiyoyin jini, su jawo ƙarin mayaƙa, su kashe baƙon, daga nan a shiga gyara. Cikin kwanaki kaɗan komai ya lafa. Ya kamata a sani cewa kumburin da likitoci ke nufi ya fi wanda ido ke gani faɗi, domin hanta ko ciki ko mafitsara na iya shafe shekara ashirin a cikinsa ba tare da mai jikin ya ga wani abu ya tasa ba. Wannan mai daɗewar shi ne abin tsoro.

To, ina kumburi ya haɗu da ciwon daji?

Tun a 1863 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin ƙarin ciwon daji, ya kuma yi hasashen cewa cutar tana tasowa ne a wuraren da kumburi ya daɗe. An shafe fiye da shekara ɗari kafin a fahimci yadda abin yake faruwa. A 1986 Harold Dvorak ya kwatanta ƙari da raunin da ya ƙi warkewa, kuma a ganina har yau babu kwatancen da ya fi wannan kama gaskiya.

Domin kashe ƙwayoyin cuta, mayaƙan garkuwa suna fesa wasu sinadarai masu ƙuna da aka sarrafa daga iskar oksijin da naitrojin. Waɗannan ba sa tantance abokin gaba da ɗan gida, suna taɓa DNA na ƙwayoyin da ke maƙwabtaka. Idan na mako guda ne, jiki yana gyara ɓarnar. Idan na shekaru ne, kurakurai sukan taru. A lokaci guda kuma jiki yana umartar ƙwayoyin wurin su yi ta rabuwa domin cike gurbin waɗanda suka mutu, kuma duk rabuwa ɗaya wata dama ce ta sabon kuskure wajen kwafar DNA. Sai kuma abin da ya fi muni. A ƙa'ida, ƙwayar da ta lalace ƙwarai takan kashe kanta, amma saƙonnin kumburi irin su IL-6, idan suka sauka a kan makarɓansu, sukan kunna sinadaran STAT3 da NF-kB, waɗanda ke gaya wa ƙwayar ta ci gaba da rayuwa. A wurin rauni wannan umarni alheri ne, amma idan ya faɗa kan ƙwayar da ta riga ta gurɓace, ya ba ta lasisin zama ke nan. Daga bisani kumburin yakan shimfiɗa mata sababbin jijiyoyin jini, ya kuma sassauta naman da ke kewaye da ita, wanda hakan ke sauƙaƙa mata yaɗuwa.

Wani lokaci ma hanyar saƙon ce da kanta take lalacewa. Akwai wani ciwon daji na jini mai suna Waldenström, wanda a cikin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shi ake samun kuskure ɗaya a MYD88, sinadarin da ke isar da saƙon makarɓan Toll, ta yadda ƙararrawar take ta bugawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Waɗanne cututtuka ne da muka sani suke bin wannan hanya?

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2018 kimanin mutum miliyan 2.2, wato kashi 13 cikin 100 na sababbin masu ciwon daji a duniya, ƙwayoyin cuta ne silar ciwonsu, kuma kason ya fi haka yawa a Afirka kudu da Sahara.

Babban misali a wurinmu shi ne ciwon hanta nau'in B. Bairos ɗin da kansa ba ya cika kashe ƙwayoyin hanta. Garkuwar jiki ce take ta kai musu hari shekara da shekaru ba tare da ta iya kawar da shi ba, hantar tana mutuwa tana sake tohowa, har ta cika da tabo ta ƙandare, daga nan ciwon daji ya samu wurin zama. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa yana da haɗarin kusan kashi 90 cikin 100 na zama da cutar har tsawon rayuwa, alhali babban da ya kamu galibi jikinsa yakan kawar da ita. Wannan ne dalilin da ya sa ake son a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwarsa. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan riga-kafi a 1984, kuma ciwon dajin hanta a tsakanin yaranta ya ragu a fili. Haɗarin yakan ninka idan mai cutar yana cin gyaɗa ko masarar da fumfuna ta kama saboda an adana ta da danshi, domin gubar aflatoksin tana lalata p53, ƙwayar gadon da ke tsare jiki daga ƙari.

Sai tsargiya, wadda a wasu garuruwan bakin ruwa ake ɗaukar fitsarin jinin da take sa yara maza kamar wani abu na girma. Ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a bangon mafitsara, garkuwa ta kewaye kowane ɗaya da kumburi, kuma bayan shekaru masu yawa wasu daga cikin masu ita sukan kamu da ciwon dajin mafitsara. A Masar, inda aka yi yaƙi da tsargiya sosai, irin wannan ciwon daji ya ja baya. Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce mai araha da ake rabawa a makarantu.

Haka nan tsohon gyambo da tabon ƙuna da ke yawan fashewa suna iya rikiɗa su zama ciwon dajin fata bayan shekaru, abin da likitoci ke kira gyambon Marjolin. A ciki kuwa akwai bakteriyar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka tabbatar ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma tun 1994 aka sa ta a jerin masu jawo ciwon daji.

Akwai kuma ciwon da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yawan kamuwa da zazzaɓin yana ta zaburar da ƙwayoyin B, masu ƙera makaman garkuwa, ta hanyar makarɓansu, kuma idan bairos ɗin Epstein-Barr yana cikinsu, sai a wayi gari wani yanki na kuromosom (ƙunshin DNA) na 8 mai ɗauke da MYC, ƙwayar gadon da ke sa ƙwaya rabuwa, ya koma kan na 14, ƙwayar ta shiga rabuwa ba tsayawa.

Idan garkuwar jiki tana kusa da ƙari haka, me ya hana ta kashe shi?

Tana kashewa, kuma sau da yawa. Kusan kowace ƙwayar jiki tana baje samfurin abin da take ƙerawa a kan fatarta, a bisa wani faranti mai suna MHC, ƙwayoyin T kuma, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, suna zagayawa suna dubawa da makarɓansu. Wadda ta nuna baƙon samfuri sai a kashe ta. Wadda ta ɓoye farantin gaba ɗaya, akwai wasu ƙwayoyi masu suna NK da aikinsu shi ne kashe duk wadda ba ta nuna shaida ba. Shi ya sa masu ƙanjamau da ba sa shan magani, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan magungunan danne garkuwa, suka fi kamuwa da wasu nau'o'in ciwon daji.

Ƙarin da ya kai ga girma shi ne wanda ya samo dabarar tsira, kuma da ɗan gari yake cin gari. Ƙwayoyin T suna da makarɓan birki, irin su CTLA-4 da PD-1, waɗanda aka tanada domin kada su afka wa jikin mai su. Ƙari yakan lulluɓe kansa da PD-L1, abin da ke taka birkin PD-1, sai mayaƙin ya iso har bakin daga amma ya kasa ɗaga hannu. Yakan kuma ɗaga wata alama mai suna CD47 wadda ke hana makurofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti, su haɗiye shi. Bai tsaya nan ba, yakan jawo makurofaj ɗin ya juya su su koma yi masa hidima kamar suna jinyar rauni, suna gina masa jijiyoyi suna kwantar da sauran mayaƙa. A nau'o'in ciwon daji da dama, yawan irin waɗannan makurofaj a cikin ƙari alama ce ta cewa jinya za ta yi wuya.

Makarɓan birkin nan su ne sababbin magunguna ke aiki a kansu?

Su ne. Tasuku Honjo ya gano PD-1 a Kyoto ta Japan a 1992, James Allison kuma ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4 yana sa ɓeraye su kawar da ƙari. Sun raba kyautar Nobel ta 2018. Maganin farko, ipilimumab, ya samu amincewa a Amurka a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Waɗannan magunguna ba sa taɓa ƙarin kai tsaye, ɗage ƙafarsa suke yi daga kan birki.

Misalin da mutanenmu za su fi ganewa shi ne na tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda aka san shi a ƙauyukanmu saboda yaƙi da kurkunu. A watan Agusta na 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa ciwon dajin fata mai suna melanoma ya kai ga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. An yi masa tiyata da gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, aka kuma ba shi pembrolizumab, kuma a watan Disamba ya ce ba a ga sauran ciwon ba. Ya rayu har zuwa ƙarshen 2024, yana da shekara 100. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya: a yawancin nau'o'in ciwon daji waɗanda ke amfana da waɗannan magunguna ba su kai rabi ba. Sun fi aiki a kan ƙarin da ya tara kurakuran DNA masu yawa, kamar melanoma da ciwon huhu na masu shan taba, domin shi ne ya fi kama da baƙo a idon ƙwayoyin T. Tsadarsu kuma ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Suna da illa?

Suna da ita, kuma daga tushe ɗaya take da amfaninsu. Birkin da aka saki domin ƙari, an sake shi ne a duk jiki. Ana samun kumburin hanji mai gudawa, da na huhu, da na hanta, da na fata, da lalacewar ƙululun wuya mai suna tairod, a wasu ma har da ciwon suga na farat ɗaya. Idan an gano da wuri, galibi ana shawo kansu da magungunan sitiroid, don haka wajibi ne mai jinya ya gaya wa likitansa duk wani sabon abu da ya ji, ko da tari ne.

Gaskiya ne ana tayar da kumburi da gangan domin maganin ciwon daji?

Gaskiya ne, kuma dabarar tsohuwa ce. A 1891 wani likitan fiɗa a New York, William Coley, ya fara sa wa masu ƙari bakteriya bayan ya lura cewa wasu sun samu sauƙi bayan zazzaɓi mai zafi. Sakamakonsa bai daidaita ba, kuma zuwan gashi ya sa aka yi watsi da hanyar. Amma a 1976 Alvaro Morales a Kanada ya zuba BCG, allurar tarin fuka da ke barin tabo a damtsen jariranmu, a cikin mafitsarar masu ciwon daji, kuma har yau tana cikin manyan magungunan ciwon idan bai nutsa cikin tsoka ba. Akwai kuma man shafawa mai suna imiquimod da ke zaburar da TLR7 domin wasu ƙananan ciwukan dajin fata. Bambancin yana ga irin kumburin: mai ƙarfi na ɗan lokaci yana tayar da ƙwayoyin T, mai rauni na shekaru kuma yana gajiyar da su.

Mene ne CAR-T?

Makarɓi ne da ɗan'adam ya ƙera. Ana ciro ƙwayoyin T na mai jinya, a dasa musu makarɓin da ke gane wata alama a jikin ƙwayoyin ciwon, galibi CD19, a yawaita su, a mayar masa. A 2012 a Philadelphia aka gwada shi a kan wata yarinya 'yar shekara shida mai ciwon dajin jini. Ƙwayoyin sun yi aiki har kumburin da suka tayar ya kusa kashe ta, sai likitoci suka ga IL-6 ya yi sama ƙwarai a jininta, suka ba ta tocilizumab, maganin amosanin gaɓɓai mai toshe makarɓin IL-6. Ta farfaɗo, ciwon kuma ya tafi. An amince da maganin CAR-T a Amurka a 2017 a kan dala 475,000, Indiya kuma ta amince da nata mai rahusa sosai a 2023. Nasararsa har yanzu ta fi yawa a ciwukan jini.

Ke nan shan maganin kumburi kullum zai kare mutum?

Wannan tunani yana da tushe, amma bai kai a yi aiki da shi kai tsaye ba. Asfirin ya rage ciwon dajin hanji a cikin masu wata larurar gado mai suna Lynch. Amma a wani babban gwaji a kan tsofaffi masu lafiya kimanin 19,000 a Ostireliya da Amurka, wanda aka fitar a 2018, bai ƙara musu tsawon rai ba, zubar jini ya ƙara. Haka kuma a 2017 an lura cewa canakinumab, mai toshe IL-1, ya rage ciwon dajin huhu a cikin masu ciwon zuciya, amma da aka gwada shi a kan waɗanda suka riga suka kamu, bai yi abin da aka sa rai ba. Shan ibuprofen ko diclofenac a kai a kai ba tare da likita ba kuwa yana huda ciki yana lalata ƙoda.

Kayan da ake tallatawa da sunan ƙara garkuwar jiki fa?

Duk wanda ya bi bayanin da ya gabata zai ga cewa matsalar ba ta ƙarancin ƙarfi ba ce kawai. Garkuwar da ta yi shekara talatin tana yaƙi a hanta ai ba rauni gare ta ba. Babu wani garin magani ko shayi ko ƙwayar kanti da aka tabbatar yana warkar da ciwon daji ta wannan hanya, kuma abin da ya fi damuna shi ne watannin da ake ɓatawa a kansu, ƙari yana girma, har a isa asibiti a lokacin da tiyata ba za ta yiwu ba. Wasu daga cikin haɗe-haɗen ma hantar da ake son ceto suke ƙara wahalarwa.

Me mutum zai iya yi tun yanzu, kuma yaushe ya kamata ya ga likita?

Ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B ko da sau ɗaya, musamman kafin aure ko lokacin goyon ciki. Idan ba shi da shi ya yi riga-kafi, idan yana da shi likita ya duba ko yana bukatar magani irin tenofovir, a kuma riƙa duba hantarsa lokaci lokaci. A kai jariri allurar farko a ranar haihuwa. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 riga-kafin HPV, bairos ɗin da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, a watan Oktoba na 2023, kuma kyauta ne. A busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba a rumbu ko buhu, a tsince waɗanda suka yi fumfuna a zubar, kada a ba dabbobin da ake tatsa. A bar taba, domin hayaƙinta yana haɗa guba da kumburi a huhu ɗaya.

Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da jini a fitsari ko bayan gida, da gyambon da ya wuce wata guda bai kama hanyar warkewa ba ko bakinsa ya fara tasowa yana tauri, da kumburin ciki tare da rama ko shawara, da kaluluwar da ta daɗe ba ta zafi kuma ba ta sauka, da jinin da mace ke gani bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke tasawa cikin makonni kaɗan a kai shi babban asibiti a ranar, domin ciwon Burkitt yana cikin ciwukan da suka fi saurin girma, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an fara da wuri.